Albasar Babanki Ba Ta Ruɓe Ba

Illela, ranar Litinin da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata Kulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sauke ki Sakkwato lafiya, Ya tsare miki hanya, Ya haɗa ki da abokan zama na kirki. Na cusa wannan takarda a ƙarƙashin ledar ƙuli-ƙuli, don na san halinki, ba za ki yi kwana biyu ba ki kai ƙasan ledar ba. Ki yi haƙuri da rubutuna. Aji shida na tsaya, kuma rabona da riƙe biro haka tun kina firamare.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Kin tuna shekarar da kika gama firamare, ƙawayenki suka tafi makarantar kwana, ke kika zauna gida kina taya ni suyar ƙuli? An gaya miki albasar babanki ce ta ruɓe a rudu, rumbun da ake ajiye ta, shi ya sa babu kuɗin kai ki. To albasar nan ba ta ruɓe ba. Ya sayar da ita da daraja, ya ba ni kuɗin ajiya, ni kuma na kai su caca. Ni ɗin nan, Innarki.

In kina tsaye, nemi wuri ki zauna. In kuma ƙuli ne a bakinki, haɗiye tukuna.

Abu biyu suka sa na kasa ci gaba da yin shiru. Na farko, ranar da na fita takaba, kina ninke rigunansa kika ce Allah Ya jiƙan Baba, mutumin kirki, sai dai bai iya riƙon dukiya ba. Da ƙauna kika faɗa, na sani, amma maganar ta ƙi barin raina. Na biyu, ran Juma'a da muna ɓarar gyaɗa kina ba ni labarin aikin da aka ɗauke ki, cewa ku da likitocin ƙwaƙwalwa za ku riƙa zama da masu caca kuna yi musu tambayoyi don a gano abin da ke jan su da yadda za a taimake su. Kika ce aikin ya yi miki, amma ba ki san yadda za ki haɗa ido da irin mutanen nan marasa tarbiyya ba. Kina faɗa kina miƙo wa ɗaya daga cikinsu kwanon gyaɗa. Dariya ta kusa kama ni, kuka ma ya kusa.

Ga yadda abin ya faro. Lokacin nan kowace Laraba nakan ƙetara Ƙwanni da man gyaɗa da ƙuli, in dawo da cuku da dabino. Kusa da inda nake shimfiɗa kayana akwai wata mai turaren wuta, Dije, mace mai ban dariya, ba a zama kusa da ita a yi fushi. Wata rana na tashi da 'yan canjin sefa waɗanda ko na kawo su Illela mai canji zai raina su. Dije ta ce in kawo ta sa mini a doki. Na ce wane doki, ta nuna mini wata 'yar rumfar ƙarfe a bakin titi, da wani mutum mai tabarau a ciki wanda kowa ke ce wa Mushe. Wai ana sukuwa a ƙasar Faransa, kai kuma daga nan ka zaɓi lambobin dawakin da za su zo gaba. Na ce ni ban san doki ba sai na Sarkin Fawa, shi ma gurgu ne. Ta ce in faɗi lamba kawai. Na faɗi shekarunki da na ƙannenki biyu.

Kulu, suka zo. Ba a jere ba, amma sun zo, kuma abin da Mushe ya miƙo mini ya fi ribar man gyaɗa ta wata guda. Na sayo muku takalma, na sayo wa babanki hula, na ce kasuwa ce ta yi kyau. A kan kabu-kabu ina dawowa sai murmushi nake yi ni kaɗai, har mai mashin ya tambaye ni ko biki aka yi.

Da a ce ranar nan faɗuwa na yi, da maganar ta mutu a nan, in zagi Dije mu yi dariya. Cin farkon nan shi ya kama ni. Saboda haka in kin zauna da mutanenki, kada ki fara da tambayar abin da suka rasa, kunya za ta rufe musu baki. Tambaye su ranar da suka fara ci. Za ki ga fuska ta washe, su gaya miki har rigar da ke jikinsu ranar. Daga nan sauran labarin zai biyo da kansa. Ke kuma, in wani cikin abokan aikinki ya ce ki gwada sau ɗaya a waya don ki fahimci abin da kike bincike, ki ce masa a gidanku an riga an gwada, kuma an fahimta.

Ran Juma'ar nan kin karanto mini wani abu daga takardunki, cewa masu binciken halayyar ɗan'adam sun lura wanda ya kusa ci ya rasa ya fi saurin komawa a kan wanda ya faɗi warwas. Kika ce abin mamaki ne. Ni na ce miki ikon Allah, na ci gaba da ɓarar gyaɗa. To ki gaya musu Innarki ta sa hannu. Mu a bakin rumfar Mushe sunan abin "saura kiris". Ka zaɓi dawaki uku, biyu su zo, na ukun ya zo na huɗu. Ranar da ba ko ɗaya da ya zo, nakan tofar da yawu in ce na bari, kuma in yi barci lafiya. Amma ranar saura kiris, tun a hanya nake shirya lambobin mako mai zuwa. Gani nake kamar na iya, ɗan gyara kawai ya rage. Ban taɓa tsayawa na ce wa kaina, ke Hajara, mai saura kiris da wanda bai samu ko ɗaya ba, hannu ɗaya suka koma gida da shi ba. A rayuwarki duk abin da ya riƙa ce miki saura kiris, mako ya bi mako bai cika ba, kasuwanci ne ko alkawarin namiji, ki tsaya ki dubi tafin hannunki ki ga abin da ke ciki.

Sai kuma wautar da ta fi ba ni dariya yanzu: na zama gwana. Mushe yana sayar da wata takarda mai sunayen dawakin da na mahayansu, duk da Faransanci. Ni da ko gaisuwarsu ban iya ba, sai in saya, mu duƙufa ni da Dije kamar masu duba jarrabawa. Akwai wani doki da sunansa ya yi mini kama da Zabuwa, na riƙe shi wata uku. Bai taɓa zuwa ba, Allah Ya sa yana lafiya. Na ƙirƙiro wa kaina dokoki: koren mayafi zan yafa, ta gefen hagu zan tsaya, in na haɗu da jaki baƙi a hanya lamba bakwai ce. Kin san jakuna nawa ne tsakanin Illela da Ƙwanni? In na yi mafarki da ruwa wata lamba ce, in da wuta wata ce. In lamba ta daɗe ba ta fito ba sai in ce lokacinta ya yi, kamar dokin yana can Faransa yana jin kunyata.

Za ki haɗu da masu irin wannan, samari masu littafi cike da sunayen 'yan ƙwallo, suna rantse miki cewa su ba sa'a suke bi ba, ilimi ne. Kada ki yi musu dariya a gabansu, ki bari sai kin koma ɗaki. Ki ce su koya miki yadda suke yi, ki saurara har ƙarshe, sannan ki tambaye su a hankali tun yaushe suke da ilimin nan, kuma mi ya saya musu. Mutum ya fi yarda da amsar da ta fito daga bakinsa.

Wani kuskuren kuma, ban taɓa kiran abin da sunansa ba. Na yi Islamiyya, na san hukuncin caca sarai, in aka yi wa'azi a kanta har kai nake gyaɗawa. Amma a wurina caca ita ce ta 'yan karta a bayan tasha, masu jan ido. Ni kuwa doki nake ba ciyawa. Haka muke faɗa da Dije, bari in je in ba doki ciyawa in dawo. Har alkawari nake yi in na ci zan sayi tabarmi in kai masallaci, kamar Allah cin hanci Yake karɓa. Astagfirullah.

Wannan ya shafi aikinki kai tsaye. In kika shiga gida kika ce wa mace, kina caca? za ta ce a'uzubillahi, ta ɗauko miki ruwa, ki rubuta a'a ki wuce. Ki fara koyon sunan da suke kiran abin a unguwarsu. Kuma na ji kin ce shagunan cacar ƙwallo za ku fi zuwa. Ki gaya wa shugabanku ku shiga cikin gidaje. A zamanina sai na ƙetara iyaka, na bi ta gaban sojoji, na tsaya a rana. Yanzu mace tana zaune tana tsince shinkafa rumfar Mushe tana cikin wayar da ke ɗaure a zaninta. Ba mai tambayar mata, don ba mai zato.

Yanzu sai wurin da babu daɗi. A hankali jarina ya narke. Na rage man da nake kaiwa, na ce gyaɗa ta yi tsada. Na sayar da 'yan kunnena na ce sun ɓata. Ana cikin haka babanki ya samu mai saye daga Gana, ya sayar masa da albasarsa tun a gona a Lafani, ba wanda ya sani sai ni. Ya kawo kuɗin ya ce in ajiye a kwallata, na makarantarki ne, don hannuna ya fi nasa riƙo. Haka ya faɗa, yana dariya.

Ban ɗauka da niyyar cinyewa ba. Na ce zan ɗan ara in mai da jarina, in mayar kafin ya waiwaya. Laraba ta farko na rasa. Ta biyu na ninka, don in dawo da na farko. Daga nan ba riba nake nema ba, ramin kawai nake so in cike, kuma da ƙasar ramin nake cike shi. Laraba huɗu kwalla ta koma wayam. Kin ce a takardunku akwai sunan wannan, bin abin da aka rasa. Sunan ya yi. In kin ga kin rasa wani abu, kuɗi ne ko mutunci, ki yarda kin rasa a ranar. Asarar farko ita ce mafi arha da za ki samu.

Jikina ya faɗi abin da bakina ya ƙi faɗi. Barci ya ƙaura, kai ya riƙa sara, abinci ya daina shiga. Kin tuna lokacin da nake dukan ku a kan abin da bai kai ya kawo ba, har kika ce wa ƙanwarki Inna ta zama zaki? Lokacin ne. Na je asibiti aka ɗaura mini abin awo a hannu, aka ce jinina ya hau, in rage gishiri. Na rage gishiri. Ba wanda ya ce, baiwar Allah, mi ke hana ki barci? Wallahi da ma'aikaciyar asibitin ta tambaya da na faɗa, don neman wanda zan faɗa wa nake yi. Kuma akwai wata safiya da na tsaya bakin rijiya fiye da yadda ɗibar ruwa ke buƙata. Kukan ƙaninki ne ya dawo da ni. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai babanki. Ki riƙa yin wannan tambayar, Kulu, ko da tana da nauyi. Ki tambayi mutum ko ya taɓa jin gara ya huta da duniya. Tambayar ba ta jefa kowa rijiya, shirun ne ke jefawa.

Ranar da asiri ya tonu, bayan karin kumallo ne. Ya ce in ɗauko kuɗin, zai je ya yi miki sayayyar akwati da katifa. Na shiga ɗaki na tsaya. Ƙarya uku na shirya, har da ta ɓarawo. Sai kawai na ɗauko kwallar, da tarin tikitocin da na ɓoye a ƙarƙashin gado, na ajiye a gabansa na durƙusa. Ya buɗe kwalla ya rufe. Ya ɗauki tikitocin yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe. Ni ina jiran saki. Can ya ɗago ya ce:

"Hajara, duk cikin dawakin nan ba wanda ya san hanyar gida?"

Na fashe da kuka, shi kuma idonsa ya yi ja. Kada ki zaci bai ji zafi ba. Kwana uku bai ci tuwona ba. Ran na huɗu ya zaunar da ni ya ce in 'yan'uwansa suka ji, ba zan ƙara ɗaga kai a gidan nan ba, ku ma za a riƙa kiran ku 'ya'yan 'yar caca har ranar aurenku. Shi kuwa namiji ne, in aka ce albasarsa ta ruɓe dariya za a yi a wuce. Ya tafi wurin wansa, Baffa Isa, ya ce ya buɗe rudu ya tarar da ruwa. Ya ce mini wannan ƙaryar shi zai nemi gafararta, ni in nemi tawa.

Abin da ya yi bayan nan nake so ki rubuta a littafinki, don bai yi boko ba amma ya san magani. Bai hana ni kasuwa ba, ya ce zaman gida zai ƙara mini tunani. Shi ya riƙa kai ni Ƙwanni a mashin ɗinsa, ta wata hanya mai nisa da ba ta bi ta gaban rumfar. Cinikin rana a hannunsa yake kwana, da yardata. Ya lura da la'asar nake rikicewa, lokacin da ake kafe sakamako a allo, sai ya riƙa dawowa gida a daidai lokacin da wata hidima: yau a yanke masa farce, gobe a dafa masa shayi, jibi wai in saurari haddarsa, alhali na fi shi hadda. Wata Lahadi ya shigo daga kasuwar dabbobi yana jan wata ramammiyar akuya, ya miƙo mini igiyar ya ce, "Ga dokinki. Wannan in kin ba shi ciyawa zai biya." Ita ce kakar awakin nan da kuka tashi kuka gani.

Duk da haka na koma sau ɗaya, bayan wata biyar. Ya yi zazzaɓi na tafi ni kaɗai, ƙafata ta kai ni kafin hankalina ya iso. Na dawo na gaya masa tun ban cire mayafi ba. Bai ce na ci amanarsa ba. Ya ce wancan karon sai da na tambaya, wannan karon ke kika faɗa, an samu ci gaba. Daga ranar ban ƙara ba. In wanda kuke taimako ya koma, kada ki ja layi a kan sunansa. Wanda ya dawo ya faɗa da bakinsa yana kan hanya. Dije kuwa ba ta samu mai zagaya da ita ta wata hanyar ba. Rabona da ita an daɗe, na ji turaren ma ta daina. Ina sa ta a addu'a, don ba mugunta ta yi mini ba, abin da take ganin alheri ne ta raba da ni.

Babban kuskurena ba cacar ba ce. Shi ne shekara goma sha uku da na bar shi da kayan. Sunan ya bi shi, Mai Ruɓaɓɓiya. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, sai wani ya ce Malam yaya rudu, ya ce rudu sai godiya, a yi dariya. Da aka zo rabon gonar kakanku, Baffa Isa ya ce a bar fadamar a hannunsa tunda babanku bai iya adana amfani ba, babanku kuwa ya yarda. Ni ina ji daga bayan zana. Sau biyu na ce zan faɗa, ya ce in bari. Amma gaskiya ita ce na ji daɗin hanin nan, na ɓuya a bayansa. Kullum ina cewa sai kun girma, sai kin gama karatu, sai bayan Salla. Ban san zazzaɓin kwana shida zai riga ni ba. In wani ya rufa miki asiri, ki gode masa, amma kada ki miƙe ƙafa. Ki karɓi kayanki tun yana da ran da zai ji sauƙin sauke su.

Na yanke shawara. Ran Juma'a in Allah Ya kai mu, bayan an sauko masallaci, zan je gidan Baffa Isa in faɗa masa a gaban matansa. Na san kafin magariba labarin ya kai har ƙauyen Araba. Ba komai, na tsufa da jin kunyar da ba ta da amfani. Ba fadama nake nema ba, sunan nake so a wanke. Na fara da ke ne don shekararki aka ci, ke ya kamata ki fara ji, kuma daga hannuna.

Ban ce ki yafe mini yau ba. In fushi ya zo ki yi shi, hakkinki ne. Ki kira ni ki faɗa mini duk abin da ke ranki, zan riƙe wayar har ki gama. Shiru kawai nake roƙon kada ki yi mini, na san abin da yake yi wa mutum. Labarina kuma na ba ki, ki ba likitocinku in zai amfani wani, sai dai ki cire sunana, ki bar na Zabuwa.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci kafin ki fita, kada ki ce sai kin dawo. Ki gaida matar da za ki zauna wurinta, ki ba ta cukun da na ɗaure daban, ba naki ba ne. Allah Ya tsare ki fita da shiga, Ya kare ki daga abin da ya fi ƙarfinki, Ya sa hannunki ya zama sauƙi ga duk wanda ya zauna gabanki da kai a sunkuye. Allah Ya jiƙan babanki, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe masa ƙaryar da ya yi domina.

In kin tashi yi masa addu'a, ki cire "sai dai" ɗin nan. Ya iya riƙo, Kulu. Ni ya riƙe.

Wassalam.

Innarki,
Hajara